Kafin a Kashe Tsohuwar Injin Niƙa

Mai girma shugaban taro, manajan ma'adana, shugabannin ƙungiyar ma'aikata, iyayenmu mata, abokan aikina na da da na yanzu, ina gaishe ku baki ɗaya. Ni ne Chilekwa Mumba, kuma ina godiya da aka ba ni dama in yi magana kafin a kashe tsohuwar injin niƙa ranar Juma'a.

Maganata ta farko a kanta ce. Shekara talatin da ɗaya na yi a gefenta, tana juya dutsen jan ƙarfe a cikinta, babba ya faɗo kan ƙarami ya farfasa shi, ba mu taɓa zuba mata ƙwallon ƙarfe ko ɗaya irin na sauran injinan niƙa ba. Da ita muka aurar, da ita muka kai yara makaranta.

Ta biyu a kan mutumin da ba ya cikin zauren nan, Ba Lombe Kasonde, shugaban aikinmu na da; “Ba” ɗin nan girmamawa ce a yarenmu. Shekarar da haƙa ya kai ga dutse mai tauri, cikin injin ya cika da tsakuwa kamar dunƙulen hannu, ba sa fasa komai, ba sa fasuwa. Niƙa ya ragu rabi, aka fara zancen sallamar mutum ɗari huɗu. Ba Lombe ya kasa kunne a jikinta, sannan ya je wajen injiniyarmu, Tisauke Jere, mutuniyar Gabas, waɗanda akwai wasan taubasantaka tsakaninsu da ƙabilarsa.

Ya ce, “Ke mai cin ɓera, injin nan yunwa take ji. Kin farfasa dutsen tun daga waje, da me za ta yi duka? Ba ta manya.”

Ta ce, “Baba mai cin biri, in ta lalace, ni za a fara kora.”

Ya ce, “Sai mu tafi tare, in koya miki kamun kifi.”

Ta ƙara buɗe bakin injin fasa dutse na waje, manyan duwatsu suka shigo. Kwana uku muryar injin niƙa ta dawo, ba a sallami kowa ba.

Watan jiya na je ƙauyensu a bakin tafkin Mweru. Ƙarar aikin nan ta cinye masa kunne gaba ɗaya. Muna cin tuwon masara ya tambaye ni, “Chilekwa, tana nan tana juyawa?” Na gyaɗa kai. Na kasa rubuta masa maganar Juma'a.

Saboda haka roƙona ɗaya ne, ranka ya daɗe manaja. A aika mota ta ɗauko shi. Ba zai ji ta ba, amma in ya ɗora tafin hannunsa a ginshiƙinta zai san tana aiki, kuma shi ya dace ya danna maɓallin kashe ta.

Allah Ya tsare waɗanda ke ƙarƙashin ƙasa a wannan sa'a, Ya mayar da kowa gidansa lafiya. Na gode.