Wa Zai Auna Mini Lomar Baba?

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ne Nasiru daga Ƙofar Kware, Sakkwato, bana na gama jami'a.

Ranar Larabar da ta wuce, da hantsi, likita ya ce mahaifina ya rage ƙiba saboda hawan jini. Sai na sauke manhajoji biyu na ƙidayar kalori a wayata. A kan malmalar tuwon shinkafa ɗaya, ta farko ta ba ni adadi, ta biyu ta kusan ninka shi. Fura kuwa babu wadda ta san ta. Wajen motsa jiki akwai iyo da tseren keke, amma babu zagayen shanun da Baba ke yi a kara, kasuwar dabbobi.

Abin haushin, manhajojin so suke in auna kwanonsa. Baba kuwa a zaure yake ci, akushi ɗaya da maƙwabta. Na raɓe gefe ina ƙirga hannunsa, ya kama ni.

"Kai Nasiru, wanga digiri naka na ƙidayar loma na? Tashi ka ba mu wuri!"

Maƙwabta suka kwashe da dariya, suka ƙara tura masa nama.

Har yanzu ban san manhajar da ke da gaskiya ba, ban san kalorin ludayin fura ba, ban san rabon Baba a akushin ba. Masu sauraro, wanda ya san yadda ake rage wa dattijo ci ba a raba shi da zaurensa ba, don Allah ya taimake ni kafin mu koma asibiti.