Goron Malam a Cikin Injin Wanki

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Maman Nana ce daga Runjin Sambo.

Injin wankina ya yi ta wari har rigunan maigidana, Malam, sunka ɗauka. Ya ce sakacina ne, in koma wankin hannu. Na sayi maganin wanke inji, har turaren wuta na yi mishi, duk a banza. Rannan na ɗaga robar bakin ƙofar injin, sai ga ruɓaɓɓen goro da dabino, guzurin aljihun Malam. Na kwashe, na wanke da ruwan zafi, na bar ƙofar buɗe. Wari ya tafi.

Ina gaida matan unguwarmu. Malam kuma, na san kana saurare: a zazzage aljihu kafin a tuɓe riga.