Mai Gyaran Wuta a Layin Likitan Haƙori

Ina zaune a bencin jiran likitan haƙori, na yi kamar ina gyangyaɗi, kunnena kuwa yana wajen wata 'yar dattijuwa da wani ƙato da yake ta share gumi.

"Bawan Allah, lafiya kake karkarwa?" in ji dattijuwar.

"Ina fa lafiya, Baba? Dasashina ke jini, haƙora biyu har sun fara girgiɗi. Wai in an wanke min su, za a ƙara da sa min lantarki a dasashin don ya yi saurin warkewa. Lantarki fa, a baki!"

"Haba ɗan nan! Zuwana uku ke nan. Ɗan tsut-tsut ne kawai, kamar kiyashi na tafiya. Ga shi har nama na koma ci."

"Ke ba ki san wuta ba ne. Ni sana'ata ce, shekara ashirin ina gyaranta."

"To ai kai ya kamata ka fi kowa kwanciyar hankali."

Ya waiga dama da hagu, ya sassauta murya.

"Baba, ni na ja wayar ginin nan."

"Ma sha Allah! Ashe aikinka ne."

"Shi ne ai. Sauri nake yi lokacin, wayar ba ta isa ba, na yi ta ɗaure-ɗaure."

Sai ga nas ta leƙo: "Mama, ke ce a layi."

"A'a, 'yata, ni ba na sauri. Fara da wannan, a gwada a bakinsa tukuna."