Albasar da Ta Shayar da Kanta

A tashar Kura, Bilya mai gadin gona ya juya ga matar da ke gefensa a benci, waya a hannunsa.

"Gwaggo, kin yi kama da malamar makaranta. Maigidana na Abuja sai Turanci. Yaya zan rubuta masa ruwa ya cinye albasa, ba tare da sunan kowa ya fito ba?"

"Ita albasar ta buɗe wa kanta ruwan?"

"Ni na buɗe, na tafi kallon ƙwallo. Amma ai Turanci yana da hanyar da abu ke faruwa shi kaɗai."

Ta ja tsaki. "Ragon banza, har ƙaryar sai an yi maka. Gonar wa?"

"Alhaji Jamaluddeen, ta hanyar Bunkure."

"To, adana datarka, ɗan nan. Yayana ne, kuma da Hausa zan gaya masa."