Ganyen da Ba Ya Bushewa

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, barka da aiki.

Ni direba ne, ina jigila tsakanin Kwanar Dangora da Tudun Wada. Akwai wata akori-kura da ta mutu a bakin titi tun kafin damina, har kaza ta yi ƙwai a ƙarƙashinta. Kowa ya san in mota ta lalace ana jera ganye a kwalta don a rage gudu. To Malam, ganyen nan kullum ɗanye shar! Wa yake canza shi?

Fasinjojina dariya suke min, amma ni na ce tarkon 'yan fashi ne.

Ran Talata na yi sammako na laɓe. Sai ga wata dattijuwa mai tallan fura da nono tana jan reshen darbejiya. Ta jera ganyenta, ta zauna. Duk motar da ta rage gudu sai an yi ciniki.

Na ce, "Inna, wannan fa?"

Ta ce, "Ɗana, rayukanku nake tsarewa. Ta nawa zan dama maka?"

Jama'a, in tona mata asiri ko in yi shiru? Har yanzu ban yarda da ita ba, amma wallahi furarta ta fi ta gidana.

Sale Direba, Bebeji.