Ranar da Na Karɓi Ɗana

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu mai ceto. Sunana Rifkatu. Aure ya kawo ni Gwarzo, amma ni 'yar wajen Garo ce.

Ina yarinya, Baba ya shanya barkono ya bar ni tsaro. Wasa ya ɗauke mini hankali, ruwa ya sauko ya jiƙe shi duka. A gaban masu saye ya ce, "Ke dai duk abin da hannunki ya taɓa sai ya lalace."

Kun san kunyar 'yar fari. Ko sunana ba ya kira, balle ya lallashe ni. Maganar nan ita kaɗai na samu daga bakinsa, ita na riƙe.

Da na yi aure, cikin farko ya zube, na biyu ma haka. Na ce shi ke nan, bakin Baba ya kama ni.

Na uku Ubangiji ya tsayar. Na haifi namiji, aka kai ni gida wankan jego. Wayyo, sai na kasa ɗaukarsa! In an miƙo shi, sai in cusa hannuna cikin zane. Nono ya cika yana zogi, yaro yana tsala kuka, Inna tana ɗiga masa ruwa da cokali. Ta yi faɗa, ta yi roƙo, duk a banza. Gani nake in na taɓa shi mutuwa zai yi.

Ranar da muryarsa ta dushe, na zube ƙasa ina ihu: "Yesu! Baba ya ce hannuna lalata abu yake yi, tun ranar barkono! Ka yanke shi, ka bar mini ɗana!"

Ashe Baba yana bayan ɗakin yana ɗaure akuya. Mutumin da ko ƙofar bai taɓa leƙawa ba, sai ga shi ya ɗaga labule. Inna ta riƙe baki.

Ya ɗauki jaririn. "Barkono ne fa kawai," in ji shi. "Ni har na manta. Bakina ne ya yi ɓarna, ki yafe mini. Karɓi ɗanki, Allah ya yi miki albarka."

Na miƙa hannu biyu. Yaro ya kama nono!

Ga shi nan goye a bayana. Na gode wa Ubangiji! Duk mai ɗauke da irin wannan magana, ya kai kukansa wurin Yesu, yana ji. Iyaye kuma, abin da kuka faɗa kuka manta, mu ba mu manta ba. Amin.