Katifar da Ta Lotsa

A tashar motar Zomba, tsoho Kalinde, wanda ya tsufa yana koyar da Latin, harshen Romawa, yana zaune kusa da katifarsa. Wata mai sayar da ayaba ta dube ta.

"Baba, har da wannan za ka hau mota? Ta lotsa kamar kwatarniya!"

"Cavus Romawa ke ce wa abu mai rami haka. In mace ce, cava. Daga nan Turawa suka samo sunan kogo."

"Romawa ko ba Romawa ba, juya ta kawai, bayanka ya huta."

"A'a, 'yata. Nan matata take kwanciya. Da damina muka binne ta."

"Wayyo, Baba, yi haƙuri."

Ya shafa wurin a hankali. "Ramin nan kaɗai ya rage mai siffarta."